Mu Dubi Hayaƙi Kafin a Sauke Inji

Mu masu tsohuwar Peugeot 504 a Salaga, Yendi da Bawku, mu riƙa duban salansa kafin mu bar makaniki ya sauke mana inji. Motar da aka fara ƙera irinta a 1968, ai dole ta yi tari. Baƙin hayaƙi, fetur ne ya yi yawa. Da hunturu galibi ƙurar hanya ce ta toshe matatar iska, sai a kakkaɓe ta tukuna. Shuɗi kuwa, baƙin mai ke ƙonewa, ringi ya cinye. Fari da asuba tururi ne kawai. Amma in inji ya yi zafi bai daina ba, ruwan lagireto kuma na raguwa, gaskit ya ƙone. A tsaya nan take, a aika Suame a Kumasi a sayo sabo, kada kan inji ya lanƙwashe.