Kada a Yayyanka Manhaja Tun Ba Ta Girma Ba

Masu rubuta manhaja a Kazaure, ɗaliban Kwalejin Hussaini Adamu da na Cibiyar Fasahar Sadarwa ta Jigawa, da ku masu ba su kwangila, a saurara. Wani salo na shigowa, ana ce masa maikro-furontend. Ana raba fuskar manhaja gida-gida. Wannan rukuni ya riƙe shafin rajista, wancan ya riƙe na biyan kuɗi. Kowa ya saki aikinsa ranar da ya shirya. Sunan ya bazu tun 2016, manhajar Webpack 5 ta sauƙaƙa yin sa a 2020. Kamfanonin IKEA da Zalando sun yi amfani da shi, amma su injiniyoyinsu ɗaruruwa ne, har suna tare wa juna hanya.

Ku mutum huɗu ne a ɗaki ɗaya. Wa ke tare muku hanya? Kowane yanki da kuka yanka zai buƙaci nasa gwaji, nasa wurin ajiya, tasa hanyar saki. Gyaran wuni ɗaya zai cinye mako.

Nauyin kuwa a kan mai waya yake sauka. Idan ba a kula ba, kowane yanki zai jawo nasa kwafin manhajar React. Wayar ta sauke abu ɗaya sau uku. Ɗaliba a Gwiwa ko Roni ta buɗe shafin rajista da ƙaramar waya, sabis na zuwa yana ɗaukewa. Allo ya yi fari. Ta sake dannawa. Datarta ta ƙare, ranar rufewa ta wuce. Ku tuna a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari.

'Yancin sakin aikin ma kallon kitse ake wa rogo matuƙar babu yarjejeniya a rubuce. Masu riƙe da shafin rajista su canza sunan gurbin lambar ɗalibi, shafin biya ya tsaya cak. Kowa ya ce nasa lafiya lau yake. A ƙarshe a koma jiran juna kafin a saki komai, ga kuma ƙarin wahala.

Sai mai riƙe da yanki ɗaya ya samu aiki a Kano ko Abuja. Babu wanda ya san cikin abin da ya bari. Sake haɗe manhajar a lokacin daidai yake da rubuta ta daga farko, da kuɗi sabo.

Kafin a sa hannu a kwangila, a tambayi rukuni nawa ne za su yi aikin. In ɗaya ne, a gina manhaja guda, a tsara cikinta da kyau. Sannan a kai ta Babura a gwada a waya mai araha kafin a biya sauran kuɗi.