Maganin Ƙwari da Tsutsar Cikin Kaji Daga Itatuwan Gida

 A zagayen da muke yi na ikilisiyoyi, akwai kukan da muke yawan ji a taron Zumuntar Mata: kaza ta yi kwanci, saura kwana kaɗan ta ƙyanƙyashe, sai ta tashi ta bar ƙwai. Wasu kuma su ce kaji suna ci amma ba sa yin ƙiba. Wannan ba ƙaramar asara ba ce. A gidaje da yawa kaza ita ce asusun uwargida. Da ita ake biyan kuɗin makaranta, da ita ake zuwa asibiti, daga cikinta ake fitar da baikon godiyar kaka da naman Kirsimeti.

Sau da yawa abin da ke jawo wannan shi ne ƙwari a jiki da tsutsa a ciki. Allah ya ba mu itatuwan da ke taimako a kan su. Amma ganye yana aiki ne idan an san abin da ke damun kazar, an haɗa da tsabta, an kuma maimaita.

A fara sanin abokin gaba

Ku kama kaza da rana, ku buɗe gashinta a ƙarƙashin fiffike da wajen dubura. In kun ga ƙananan ƙwari masu ruwan ƙasa suna gudu, da fararen ƙwai manne a gindin gashi, ƙwarƙwatar kaji ce. Ita a jikin kaza take rayuwarta duka.

In kun ga baƙaƙen ɗigo sun manne a gefen ido da zanko ba sa motsi, ƙuma ce mai shan jini. Ƙwanta yana faɗuwa ƙasa, 'ya'yanta suna girma a cikin shara da ƙurar akurki.

In ba ku ga kome da rana ba, ku shiga akurki da tocila da dare. Akwai jajayen ƙwari ƙanana ƙwarai, da kaskar kaji, waɗanda ke ɓuya a tsagar bango da sandar kwana, su fito da dare su sha jini. Su ne suka fi korar kaza daga kan ƙwai. Jajayen ƙwarin nan suna tashi daga ƙwai su zama manya a cikin kamar kwana 7, kuma suna iya yin watanni a ɓoye ba su ci kome ba.

Kazar da ke da tsutsar ciki takan rame har ƙashin ƙirjinta ya fito, zankonta ya koɗe, ta yi zawo, ta rage ƙwai. Idan kun yanka kaza, ku tsaga hanjin ku duba. Doguwar farar tsutsa, wadda kan kai tsawon santimita 10, tana shiga ne ta ƙwanta da ke cikin kashin kaji. Mai faɗi kamar zare, wato tsila, tana shiga ta tururuwa da buzuzu da ƙuda da kaza ke tsinta.

Dogon yaro da toka domin ƙwarin jiki

Dogon yaro, wanda wasu ke kira darbejiya, yana da wani sinadari da ke hana ƙwari ci da girma, kuma ya fi yawa a cikin ƙwayar 'ya'yansa. A tsince nunannun 'ya'ya, a wanke, a shanya a inuwa, a fasa a fitar da ƙwayar. A daka rabin kilo, a jiƙa a ruwa lita 10 ya kwana, a tace da ƙyalle, a sa ɗan sabulu. A share akurki, a ƙone tsohuwar ciyawar kwanci, sa'an nan a yayyafa ruwan da tsintsiya a bango, da sandar kwana, da kowace tsaga. A yi da yamma, domin rana tana kashe ƙarfinsa. Kada a ajiye wanda ya rage. Wannan haɗi na fesa ɗaki ne, ba na sha ba.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne maimaitawa. Fesawar farko ba ta gama da ƙwan ƙwarin, don haka a sake bayan kwana 7, a kuma sake bayan wani kwana 7. Daga nan a yaɓe tsagogin da laka. Ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kafin a sa wa kaza ƙwai, a shimfiɗa busasshen ganyen dogon yaro da ɗan toka a ƙarƙashin sabuwar ciyawa. Kwanci kwana 21 ne, a duba wurin kowane mako. A kuma tanadi wuri busasshe inda aka gauraya tokar itace da yashi mai laushi domin kaji su yi birgima. Kada ruwa ya taɓa wurin, gama jiƙaƙƙiyar toka tana ƙona fata.

Ƙumar da ta manne a fuska, a shafa mata man kaɗe ko basilin a hankali, kada ya shiga ido. Man yana toshe mata numfashi. Haka kuma kazar da fatar ƙafarta ta yi kaushi ta ɗaɗɗago, wani ƙwaro ne ke haƙa a ƙarƙashi. A wanke ƙafar da ruwan ɗumi da sabulu, a shafa mai sau biyu a mako har sabuwar fata ta fito.

Gwanda da maɗaci domin tsutsar ciki

'Ya'yan gwanda da farin ruwan ɗanyar gwanda suna da abin da ke raunana doguwar tsutsa. A shanya 'ya'yan nunanniyar gwanda a inuwa, a daka. Shawararmu ita ce ƙaramin cokali ɗaya ga manyan kaji 5, a kwaɓa da dusa a ba su da safe, kwana 3 a jere. Kada a ba 'yan tsaki.

Iyayenmu sun saba jiƙa ɓawon maɗaci ko ganyen shuwaka a ruwan shan kaji. Mai yin haka ya sa kaɗan, ya kuma duba ko kajin suna sha. In ɗaci ya hana su sha, ƙishirwa za ta fi tsutsar yi musu lahani, musamman da bazara. A saɓi ɓawon a gefe ɗaya kawai, domin wanda ya zagaye itace ya kashe shi.

Ganye yana rage tsutsa, ba ya share ta duka, kuma ƙarfinsa yana bambanta daga itace zuwa itace. Ƙwan tsutsa kuwa yana yin watanni a danshin ƙasa. Saboda haka a kwashe kashin kaji aƙalla sau biyu a mako a kai gona, a wanke kaskon ruwa kullum, a daina watsa hatsi a inda suke kashi. Da damina a ƙara kula.

Inda ganye ba ya isa

In bayan mako 2 kaji suna ci gaba da ramewa, ko kuna ganin tsutsa a kashinsu, ku nemi malamin dabbobi. Ku gaya masa irin tsutsar da kuka gani, domin maganin da ke kashe doguwar ba lalle ya kashe tsila ba. Ku tambaye shi kwana nawa za a jira kafin a ci ƙwai ko nama.

In kaji suna mutuwa da yawa a cikin kwana kaɗan, da koren zawo, da wahalar numfashi, da murɗewar wuya, wannan ba tsutsa ba ce. Alamar cutar Niyukasul ce, wadda ta fi ɓarna da hunturu. Babu ganye ko kafso da ke warkar da ita, sai allurar rigakafi ko ɗigon ido kafin ta zo. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana yin wannan rigakafi. Ikilisiya za ta iya haɗa kuɗi a yi wa kajin gari duka a rana ɗaya. Mu kuma tuna da murar tsuntsaye da ta shigo ƙasarmu a 2006: kazar da ta mutu haka kawai, kada a ci, kada a sayar. A binne ta da zurfi, a kai rahoto.

Muna roƙonku kada ku shafa wa kaji kalanzir, ko baƙin mai, ko fiya-fiya, ko maganin feshin gona. Suna kashe 'yan tsaki, suna kuma cutar da yaranmu da ke cin ƙwai. Ganyen taba ma guba ne, kada a jiƙa wa kaji su sha.

Ƙarshen sura 27 ta littafin Karin Magana yana magana a kan kula da dabbobin gida. Muna ba shugabannin zumunta shawara su karanta shi a taro na gaba, su kuma sa ranar da matasa za su zagaya gida gida a share akurki tare, ana farawa da gidajen gwauraye da tsofaffi. Ubangiji ya sa albarka ga aikin hannuwanku. Amin.