Hakkin Malami A Kan Almajirinsa: Abin Da Mallam Abdullahi Ya Rubuta A Zamanin Boɗinga

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan'uwa Musulmi, duk wanda ya bar Sakkwato ya kama hanyar Jega, zai ratsa Boɗinga, can gaba kuma ya iske Shagari. Garuruwan nan biyu suna da abin da za su tuna mana game da hakkin malami, hakkin da muke ganin ya fara yin sauƙi a idon jama'a.

A lokacin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake zaune a Sifawa, ƙanensa Mallam Abdullahi yana zaune kusa da shi a Boɗinga. A cikin waɗannan shekaru ne, wato a 1227 bayan Hijira, daidai da 1812, ya wallafa wani ɗan littafi mai suna Ida'un Nusukh. Littafin bai kai girman tafsirinsa Liya'ut Ta'wil ba, amma a wurinmu darajarsa ba ƙarama ba ce, domin abin da ke cikinsa shi ne sunayen malaman da suka karantar da shi da Shehu, da littafin da aka karanta wurin kowannensu.

A lura da halin da ake ciki. An ci Alƙalawa tun 1808, sha'anin mulki ya taso, ga shari'a, ga wasiƙu daga ƙasashe. Duk da haka mutumin da ake kira Wazirin Shehu ya sami sarari ya zauna yana lissafta waɗanda suka koya masa karatu. Ya fara da mahaifinsa Muhammadu Fodiyo, wanda ya karantar da shi Alƙur'ani. Sa'an nan ya ambaci wansa Shehu, wanda aka miƙa shi hannunsa yana ɗan shekara 13, ya karanta Ishiriniya da Ajurumiya da Ahalari da Ishmawi da Risala a wurinsa. Waɗannan littattafan farko ne, da almajirai ke karantawa a zaure har gobe. Babban malami irinsa bai ji nauyin faɗin wanda ya biya masa Ahalari ba. Ya kuma ambaci Muhammadu ɗan Raji, wanda aka karanta Sahihul Buhari wurinsa.

Wanda ya fi jan hankalinmu shi ne Mallam Jibrilu ɗan Umaru. Shehu ya zauna wurinsa, ya bi shi har Agadas, amma bai wuce tare da shi zuwa Makka ba saboda mahaifinsa bai yi masa izni ba. Daga baya Shehu ya saɓa wa ra'ayin Mallam Jibrilu a kan kafirta Musulmi saboda aikata manyan zunubai, ya rubuta hujjojinsa a fili. Amma saɓanin bai sa shi ko ƙanensa sun shafe sunan malaminsu ba. Sun ci gaba da yabonsa da kiran kansu almajiransa. A yau kuwa sai ka ga ɗalibi, da zarar ya sami wata fahimta dabam, ya hau mumbari yana muzanta wanda ya koya masa alwala.

Wataƙila wani ya ce wannan hakki na malaman zaure ne kawai, ban da malamin makarantar boko. Mu ba mu ga dalilin wannan bambanci ba, kuma tarihin Shagari ya ishe mu shaida. Alhaji Shehu Usman Aliyu Shagari, wanda aka haifa a garin a 1925, ya fara da makarantar allo, sa'an nan elementare a Yabo, da Midil ta Sakkwato, da Kwalejin Kaduna daga 1941 zuwa 1944. Da ya gama, koyarwa ya kama a Midil ta Sakkwato, daga baya ya zama hedimasta a Argungu. Ya tsara Waƙar Nijeriya, wadda ta sanar da yara da manya garuruwa da kogunan ƙasarsu cikin harshen da suke ji. Kafin ya zama Shugaban Ƙasa a 1979, ya riga ya ci alli shekara da shekaru, kuma a 1978 shi da Jean Boyd suka fitar da littafi a kan shugabancin Shehu Ɗanfodiyo. An sa wa kwalejin horon malamai ta Sakkwato sunansa. Ya rasu ranar 28 ga Disamba, 2018, aka yi jana'izarsa a Shagari.

To, shi an san shi domin ya yi mulki. Ina malamin da ya riƙe hannunsa ya koya masa rubutun boko a Yabo? Ina dubban irinsa da suka yi ta taka keke zuwa makarantun ƙauye? Da yawa cikinmu da ke riƙe da manyan ofisoshi, in aka ce mu faɗi sunan malaminmu na aji ɗaya, sai mun yi dogon tunani. Wasu daga cikin malaman nan suna nan da rai, sun tsufa, suna jiran ɗan kuɗin fansho, almajiransu na wuce ƙofar gidansu cikin mota.

Abin da muke roƙo shi ne kowa ya ɗauki alƙalami ya yi irin na Mallam Abdullahi: ya rubuta sunayen malamansa na allo da na boko, da abin da kowanne ya koya masa, ya ajiye wa 'ya'yansa. Wanda ke da rai a kai masa ziyara da ɗan abin goro, wanda ya rasu a nemi iyalinsa. Allah Ya jiƙan malamanmu da iyayenmu, amin.