Fargaba a Jikin Tsohon Kare: Dalilanta da Hanyar Shawo Kanta

Kare ba ya tsufa a lokaci ɗaya da ɗan'uwansa. Manyan karnuka, irin waɗanda ake ajiyewa don gadi, sukan shiga sahun tsofaffi tun suna shekara 7, ƙananan kuwa sai sun kai wajen 10. A wannan zango ne wasu kan sauya hali. Karen da a da ko gezau ba ya yi idan an yi tsawa, yanzu da hadari ya haɗu sai ya kama makyarkyata, yana haki, yana neman lungun da zai cusa kansa. Wani yakan kwana yana kai-kawo a tsakar gida, ko ya tone ƙofa da farce idan mai gidan ya fita. Ba taurin kai ba ne, kuma mafi yawan lokuta tushen abin yana cikin jikinsa.

Abu na farko da ake zargi shi ne ciwo, musamman amosanin gaɓɓai. Kare mai ɓoye ciwo ne, ba lalle ya yi ɗingishi ba. Wani bincike na Jami'ar Lincoln da ke Ingila, wanda aka wallafa a 2018, ya nuna alaƙa tsakanin ciwon gaɓɓai da tsoron ƙara a karnukan da tsoron ya same su da girma. Bayanin masu binciken mai sauƙi ne: ƙara ta sa kare ya zabura, zaburar ta motsa masa ciwo, shi ke nan sai ya ɗauka ƙarar ce ke jawo masa azaba. Bayan ciwo akwai raunin ji da gani. Karen da ba ya jin takun mutum sai dai ya ji hannu a bayansa, dole ya zauna cikin ɗar-ɗar.

Akwai kuma gigin tsufa, wanda a kare ya yi kama da cutar Alzheimer a ɗan'adam. Wani nazari da aka yi a Amurka a 2001 ya gano alamunsa a kashi 28 cikin 100 na karnuka masu shekara 11 zuwa 12, da kashi 68 na masu shekara 15 zuwa 16. Irin wannan kare yakan tsaya ya ƙura wa bango ido, ya maƙale a bayan randa ya rasa hanyar fita, ya yi barci da rana ya farka da dare yana kuka, ko ya yi fitsari inda bai taɓa yi ba.

Saboda haka likitan dabbobi ne matakin farko, kafin a yi zancen horo. Zai duba gaɓɓai da haƙora da ido da kunne, ya kuma gwada jini don ganin lafiyar ƙoda da hanta. A inda cutar haukan kare ke yawo, kamar Najeriya da Nijar, sauyin hali na farat ɗaya a karen da ba a yi wa rigakafi ba abin gaggawa ne: a killace shi, a hana yara kusantarsa, a kira likita.

Daga nan sai gyaran muhalli, wanda sau da yawa ya fi horon kansa tasiri. Tsohon kare yana samun natsuwa idan ya san abin da zai biyo baya, don haka lokacin abinci da na fita da na kwanciya su zama tsayayyu. A ware masa makwanci mai laushi a wuri mai duhu-duhu, nesa da janareta da ƙofar shiga, wanda zai iya shiga ya fita da kansa. Kulle shi a keji yana cikin firgici kan sa ya karya haƙori ko farce wajen neman kuɓuta. A shimfiɗa tabarma ko tsohon kafet inda daɓen ke da santsi, a ƙara masa bargo lokacin hunturu, kuma kada a riƙa sauya wa kwanon ruwansa wuri idan idonsa ya yi rauni.

Horon yana tafiya ne a kan ƙa'ida guda: a gabatar masa da abin da yake tsoro kaɗan-kaɗan, ƙasa da yadda zai firgita, a haɗa da abin da yake so. Idan tsawa ce, sai a kunna sautinta a waya can ƙasa-ƙasa, da zarar ya ji a miƙa masa ɗan yankin dafaffiyar kaza. Muddin yana ci hankali kwance, bayan kwanaki a ɗan ƙara sautin. Idan ya ƙi karɓar naman, ko ya maƙale kunnuwa yana lasar baki, to an yi sauri, a koma baya. Mai tsoron kaɗaici ma haka ake bi da shi: a ɗauki makulli a ajiye ba tare da an fita ba, sannan a fita na daƙiƙa 10 a dawo, a riƙa tsawaitawa. Minti 5 sau biyu a rana ya wadatar, don tsohon kare saurin gajiya gare shi. Wanda ya kurumce ana koya masa da alamar hannu. Tsire da kilishi ba su dace da tukuici ba, domin albasa da tafarnuwar da ake sa musu suna lalata jinin kare.

Duka da tsawatarwa ba su da gurbi a nan. Sanda kan iya sa shi yin shiru na ɗan lokaci, amma tsoron ƙaruwa yake yi, kuma karen da aka ƙure shi ne mai cizo. Lallashinsa cikin natsuwa kuwa ba ya ƙara masa tsoro, duk da ana yawan faɗin haka.

Idan fargabar ta yi tsanani, horo shi kaɗai ba ya isa, domin ƙwaƙwalwar da ke cikin firgici ba ta ɗaukar darasi. Likita na iya rubuta fluoxetine ko clomipramine, waɗanda sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin a ga aikinsu, ko selegiline don gigin tsufa, ko trazodone da gabapentin don ranakun da aka san za a yi ƙara. Ba a haɗa selegiline da magunguna biyun farko, kuma ba a tsayar da irin waɗannan magunguna kwatsam. Magungunan ciwo na mutane kamar ibuprofen da diclofenac suna iya jawo wa kare gyambon ciki ko su kashe masa ƙoda. Gigin tsufa dai ba ya warkewa, sassauta shi ake yi, shi ya sa ake mai da karen wurin likita duk bayan wata 6 a sake duba adadin maganin gwargwadon yadda jikinsa ya koma.