Ka tafi taurari shekara biyu, ka dawo ka tarar an sauya dokar aure

A ranar 18 ga watan Mayun 1991, wani ɗan sama jannati mai suna Sergei Krikalev ya tashi zuwa tashar Mir da ke sararin samaniya, yana ɗan ƙasar Tarayyar Sobiyat. Da ya sauko a ranar 25 ga Maris na 1992, bayan kwana 311, sai ya tarar ƙasar da ta aike shi ta wargaje. Garinsu ma, Leningrad, an mayar masa da tsohon sunansa na St. Petersburg. Wata goma kacal fa ya yi.

To, kai mai karatu, ka ƙaddara kai ne, kuma shekara ɗari ce ta wuce kafin ka sauko. Me kake jin zai fi ɗaure maka kai? Marubutan ƙagaggun labaran kimiyya sun daɗe suna wasa da wannan tambaya, kuma masu barkwancin cikinsu amsarsu kusan ɗaya ce. Motar da ke tashi sama, cikin mako guda za ka saba da ita. Abin da zai hana ka barci shi ne yadda za ka tarar mutane suna neman aure, da abin da suke jin kunyarsa, da abin da suka daina jin kunyarsa. Bari mu duba inda kimiyya ta gaskiya take a cikin wannan raha, da inda marubutan suka ƙara gishiri.

Me ya sa agogon matafiyi yake jinkiri?

A 1905 Albert Einstein ya nuna cewa gudun haske ɗaya ne ga kowa, kusan kilomita 300,000 a kowane sakan, ko kana tsaye ko kana gudu. Wannan magana tana da wani sakamako mai ban mamaki.

Ka ɗauka kana cikin bas tana tafiya, kana cilla lemo sama kana cafewa. A idonka lemon yana hawa yana sauka ne a miƙe. Amma wanda ke tsaye a bakin titi zai ga lemon yana bin hanya a karkace, mai tsawo, domin bas ɗin tana gaba da shi. Yanzu cire lemon, ka sa haske yana kai da komo tsakanin madubi biyu, kowane zuwa da dawowa ya zama bugun agogo ɗaya. Na bakin titi zai ga hasken yana bin doguwar hanya, alhali gudunsa ba ya ƙaruwa. Ka ga ke nan dole kowane bugu ya ɗauki lokaci mai tsawo a wajensa. Agogon matafiyi ya yi jinkiri. Kuma duk abin da ke cikin jirgin haka yake jinkirtawa, har bugun zuciya da fitowar furfura, ba tare da shi matafiyin ya ji wani sauyi ba.

Ga lissafin. Idan kumbo yana gudun kashi 87 cikin 100 na gudun haske, shekara ɗaya a cikinsa kusan shekara biyu ce a duniya. A kashi 99, shekara bakwai ce. A kashi 99.9, sama da shekara 22 ce.

An kuwa gwada abin. A 1971 masana biyu, Joseph Hafele da Richard Keating, suka ɗora agogunan atom a jiragen fasinja suka zagaya duniya da su, suka dawo suka tarar sun saɓa da waɗanda aka bari a ƙasa, daidai da yadda lissafi ya yi hasashe. Taurarin ɗan'adam na GPS da wayarka take dogaro da su ma sai an gyara musu agogo da kusan kashi 38 cikin miliyan na sakan a kullum, saboda gudunsu da kuma raunin jan ƙasa a inda suke. In ba a gyara ba, taswirar wayarka za ta riƙa ɓatar da kai da kilomitoci.

Sai dai kada ka fara haɗa kaya tukuna. Krikalev ya yi kwana 803 a sama a duk tafiye-tafiyensa, amma abin da ya rage na tsufa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin hamsin na sakan ba. Na'urar da ta fi kowace gudu cikin waɗanda ɗan'adam ya ƙera, Parker Solar Probe, ta kai kusan kilomita 692,000 a awa a Disambar 2024, kuma wannan bai kai ko kashi ɗaya cikin dubu na gudun haske ba. Dokar gaskiya ce, jirgin ne ba mu da shi.

Sojan da ya zama baƙo a gidansu

Littafin da ya fi shahara da wannan wasa shi ne The Forever War na Joe Haldeman, wanda ya fito a 1974 ya kuma lashe manyan lambobin yabo biyu na wannan fanni, Hugo da Nebula. Jarumin, William Mandella, ɗalibin kimiyya ne da aka tilasta wa shiga soja don yaƙar wasu halittu a can cikin taurari. Ya yi kamar shekara biyu a agogonsa, ya dawo ya tarar sama da shekara ashirin sun shuɗe. Jama'a ta yi yawa, abinci ya yi ƙaranci, gwamnatoci suna ƙarfafa neman jinsi ɗaya don a rage haihuwa. Ya kasa zama, ya koma soja.

Kowace tafiya sai ta ƙara cinye ɗaruruwan shekaru. Daga baya aka ba shi shugabancin wata runduna da dukan sojojinta an haife su ne a na'ura, kuma a wajensu namijin da ke son mace shi ne mai larura. Suna tausaya masa, suna yi masa dariya a bayan ido, har tsohon harshensa ma sai da suka koya don su iya magana da shi. Yaƙin ya ɗauki sama da shekara dubu, a ƙarshe aka gano rashin fahimtar juna ne ya haddasa shi tun farko.

Lura da wani abu da masu karatu kan tsallake. Tun a farkon littafin, tsarin barikin su Mandella ya sa sojoji maza da mata suna sauya abokan kwana, kuma shi bai ga aibin haka ba, don a cikinsa ya tashi. Abin da yake gani daidai, kai zai girgiza ka. Abin da na bayansa suke gani daidai, shi ya girgiza shi. A nan rahar take: kowa yana tsaye a zamaninsa yana rantsuwa cewa sauran ne suka ɓata.

Haldeman ya san abin da yake faɗa. Ya karanci kimiyyar taurari a jami'a, aka kai shi yaƙin Biyetnam, aka ji masa rauni, ya dawo Amurkar da ta sauya a bayansa. Ga zanga-zangar ƙin yaƙi, ga matasa da sabon salon rayuwa, ga fargabar yawan jama'a da littafin Paul Ehrlich, The Population Bomb, ya rura a 1968. Jinkirin lokaci ya ba shi hanyar da zai sa mai karatu ya ɗanɗani baƙuncin sojan da ya dawo gida.

Ƙwaya, tafin hannu, da namiji mai ciki

Wasu kuma ba su tsaya wani dogon lissafi ba, dariya suka nufa kai tsaye. Fim ɗin Barbarella na 1968, wanda Roger Vadim ya shirya, Jane Fonda ta fito a ciki, an ɗauko shi ne daga zanen barkwancin wani Bafaranshe, Jean-Claude Forest. A cikinsa mutanen duniya sun daɗe da barin kusantar juna irin ta da, wai ƙazanta ce da ɓata lokaci. Sai dai mutum biyu su haɗiyi ƙwaya su haɗa tafin hannu, shi ke nan. Da aka aiki jarumar wata duniya neman wani masanin kimiyya da ya ɓata, sai ta ci karo da masu bin tsohuwar hanya, ita ce kuma ta zama baƙauya a cikinsu.

Me ya kawo maganar ƙwaya? Duba kalanda. A 1960 Amurka ta amince da ƙwayar hana ɗaukar ciki. Faransa ba ta halatta hanyoyin tsarin iyali ba sai a Disambar 1967, ƙasa da shekara guda kafin fim ɗin ya fito. Mutane suna ta gardama a kan abin da ƙwaya za ta yi wa aure, sai fim ya ja gardamar har ƙarshenta don a yi dariya.

A Ingila kuma, tashar BBC ta fara nuna Red Dwarf a 1988. Dave Lister, ma'aikaci mafi ƙanƙantar muƙami a wani jirgin haƙar ma'adinai, an daskarar da shi a matsayin horo saboda ya shigo da kyanwa a ɓoye. Hatsari ya kashe kowa, kwamfutar jirgin ba ta tashe shi ba sai bayan shekara miliyan uku. A wani kashi na shirin suka faɗa wata duniya inda mata ne ke da rinjaye kuma maza ne ke ɗaukar ciki. Lister, wanda bai taɓa damuwa da sakamakon holewarsa ba, sai ga shi da cikin tagwaye. Kai, ranar ya gane abin da mata suka daɗe suna faɗa.

To, me ɗakin gwaji ya ce?

A nan labari ya yi wa bincike nisa ƙwarai. A 1992 ma'aurata biyu, Mark Lee da Jan Davis, sun tafi tare a kumbon Endeavour, amma an raba musu lokutan aiki, ɗaya na aiki ɗaya na hutawa. Ba a taɓa ɗaukar cikin ɗan'adam ko haihuwarsa a sama ba.

Abin da muke da shi daga dabbobi ne. A 1994 wasu ƙananan kifaye na Japan da ake kira medaka sun yi barbara a cikin kumbon Columbia, ƙwansu kuma ya ƙyanƙyashe. A 2021 ayarin Teruhiko Wakayama na Japan ya ba da rahoton cewa maniyyin ɓera da aka busar aka ajiye kusan shekara shida a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa ya haifar da lafiyayyun 'ya'ya bayan an dawo da shi. A 2023 ayarin ya sanar da cewa ƙwayoyin halittar ɓera na matakin farko sun ci gaba da girma na 'yan kwanaki a tashar. Daga nan zuwa cikakken ciki na wata tara akwai tafiya mai nisa, ga tiririn radiyeshan da ke lalata ƙwayoyin gado, ga rashin nauyi da ke zaizaye ƙashi da tsoka.

Inda barkwancin ya kusa zama gaskiya shi ne batun doguwar tafiya. Tauraron da ya fi kusa da rana, Proxima Centauri, haske ma sai ya yi sama da shekara huɗu kafin ya kai shi. Da gudun kumbon Voyager 1, sai an yi fiye da shekara 70,000. Saboda haka wasu masana suke maganar jirgin da za a haihu a ciki, a tsufa a ciki, jikokin jikoki su isa. A 2002 wani masanin halayyar al'umma, John Moore, ya ƙiyasta cewa mutum 160 za su isa tafiyar shekara 200, in an tsara lokacin haihuwa da kyau. A 2014 Cameron Smith ya ce a'a, sai dubun-dubatar mutane, don kauce wa cututtukan auren dangi na kusa.

Ka tsaya ka yi tunanin ƙauyen mutum 160 da babu fita babu shiga. Wa zai auri wa? 'Ya'ya nawa aka yarda ka haifa, kuma wa zai yanke? Yarinyar da aka haifa a tsakiyar hanya, wadda ba a nemi shawararta ba, tana da ikon ta ce ba ta son wanda lissafi ya zaɓa mata? Injiniya ba shi da amsar waɗannan, kuma su ne ainihin abin da marubutan suke tsokana.

Yadda za ka karanta su

Kada ka ɗauki waɗannan labarai a matsayin duba. Babu wata shaidar kimiyya da ta nuna gwamnati za ta iya juya sha'awar al'umma gaba ɗaya da doka, kamar yadda Haldeman ya zana, kuma fargabar yawan jama'a ta zamaninsa ta juye a wurare da dama: yau Japan da Koriya ta Kudu roƙon mutane suke su haihu. Marubucin da ya zauna hasashen shekara dubu, damuwar shekarunsa ce ta fito a takarda.

Abin da suka kama daidai shi ne cewa al'adun neman aure da na kunya suna motsi tare da magani, da tattalin arziki, da na'urorin da ke hannun mutane, ko da a inda aƙida take nan daram. Ba sai ka hau kumbo ba. Tambayi kakarka ko ta taɓa kiran sunan mijinta, ko na ɗanta na fari. Sannan ka gaya mata yadda ake zance yanzu a WhatsApp har ƙarfe biyun dare, ka ga yadda za ta riƙe baki. Ita ce Mandella a gidanku.

Kuma juyin zai zo kanka. Idan Allah ya ba ka tsawon rai, wata rana jikanka zai yi maka bayanin yadda ya samu matar da zai aura, kai kuma ka ce masa ya maimaita a hankali, don ba ka gane ba.