Kwanan Daji a Amurka: Zangon Kuɗi da Zangon Kyauta

Duk Juma'a da yamma, daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Satumba, hanyoyin da suka bar birnin Washington suka nufi yamma kan cika da motoci ɗauke da tantuna, da kujerun naɗewa, da kekuna ɗaure a baya. Masu motocin nan suna da gida, da wuta, da ruwan famfo, amma sun kulle ƙofa za su je su kwana cikin daji. A wurinmu larura ce ke kwanar da mutum a daji: makiyayi, ko maharbi, ko manomin da ke gadin amfaninsa. A nan kuwa hutu ne, har rububinsa ake yi. Ina zaune a jihar Maryland, kuma wani maƙwabcina, tsohon malamin makaranta, shi ya fara jan hannuna zuwa gandun dajin Monongahela da ke jihar West Virginia, tafiyar awa uku zuwa huɗu a mota. Tun daga nan na zama ɗan hannu.

Tushen al'adar shi ne mallakar ƙasa. Hukumar Gandun Daji ta Amurka, wadda aka kafa a 1905 zamanin Shugaba Theodore Roosevelt, tana riƙe da eka miliyan 193, wato kimanin hekta miliyan 78. Najeriya gaba ɗayanta hekta miliyan 92 ce, sai mai karatu ya auna. Gandun daji 154 ne a hannunta, ban da wata hukumar daban mai kula da eka miliyan 245, galibinsu a yammacin ƙasar. Duk wannan fili na jama'a ne. Ɗan ƙasa da baƙo irina duk muna da ikon shiga, mu yi yawo, mu kafa tanti.

Shi Monongahela da na sani, ba haka kakanni suka bar shi ba. Tsakanin 1880 da 1920 kamfanonin katako sun yi wa tsaunukan aski ƙwal, gobara ta bi baya ta cinye sauran, ruwan sama ya rasa abin da zai tare shi. Ambaliyar da ta auka wa birnin Pittsburgh a 1907 na cikin abubuwan da suka sa majalisa ta zartar da dokar Weeks a 1911, wadda ta ba gwamnati ikon sayen filaye a mafarin koguna. A 1920 aka kafa gandun, yau ya haura eka dubu 900. Yawancin itatuwan da nake kwana a ƙarƙashinsu ba su wuce shekara ɗari da kaɗan ba.

Mai son kwana a irin wannan daji yana da zaɓi biyu. Na farko shi ne shiryayyen zango, na kuɗi. Za ka tarar da hanya mai zagaye wadda mota ke bi ta fuska ɗaya, kowane masauki da lambarsa a jikin ɗan turke, da wurin ajiye mota, da tebur mai benci, da zoben ƙarfe na hura wuta, da daɓen tsakuwa na kafa tanti. A zangon Seneca Shadows da ke cikin Monongahela, inda kake kallon tsayayyen dutsen Seneca daga bakin tantinka, har da banɗaki mai ruwa da wurin wanka. A na bakin tafkin Spruce Knob kuwa masai ne na rami. Kuɗin dare ɗaya yakan kama daga dala 20 zuwa 30 ko sama, ana kuma kama wuri ta intanet tun wata 6 kafin rana. Sau da yawa akwai mai kula, galibi dattijo ɗan fansho da matarsa a cikin motarsu mai ɗaki, kuma daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe ba a yarda da hayaniya.

Wannan tsari likitan itatuwa ne ya zana shi. Da mota ta yi araha a shekarun 1920, sai jama'a suka riƙa kutsawa da ita har gindin manyan itatuwan California, kowa ya tsaya inda ya ga dama. Wani masanin cututtukan tsirrai mai suna Emilio Meinecke ya lura taya da ƙafa suna danƙare ƙasa, saiwoyi su rasa iska da ruwa, itace ya mutu a tsaye. A 1932 ya ba da shawara a tsayar wa mota wuri guda, a kafe tebur da murhu yadda ba mai gusar da su, a jera duwatsu su tare sauran fili. Matasan da gwamnatin Franklin Roosevelt ta ɗauka aikin daji daga 1933 zuwa 1942 suka baza wannan fasali a ko'ina. Ashe turken nan mai lamba saboda itatuwa aka fara kafa shi, jin daɗin matafiyi daga baya ya biyo.

Zaɓi na biyu shi ne wanda nake kira zangon kai-da-kanka. Ka bi hanyar burji, ka samu wani ɗan sarari a gefe inda wasu suka taɓa sauka, ka ga da'irar duwatsu da toka a ciki, shi ke nan ka iso. Ba kuɗi, ba rajista, ba famfo, ba masai, ba kwandon shara, ba wanda zai zo ya tambaye ka lafiya. Ni na fi zuwa bakin rafin Gandy, inda wuraren sauka suke jere nesa da juna, wanda ya riga zuwa shi ke da wuri. Abin da mutum ya kasa kawowa, to babu shi.

Sai dai kyautar tana da sharuɗɗa. A yawancin gandaye ba ka wuce kwana 14 a wuri ɗaya, don kada wani ya mai da filin jama'a gidansa. Mota ba ta barin hanyoyin da hukuma ta yarda a bi, kuma akwai taswira ta musamman da ofishinsu ke bayarwa kyauta. Inda ba tsohon masauki, ana so ka nisanci ruwa da ƙafa 200, kimanin mita 60. Mai karya dokokin daji yana iya fuskantar tarar da ta kai dala 5,000 ko ɗaurin wata 6, ko da yake ma'aikatan ba su da yawa, kana iya yin kwanaki ba ka ga ko ɗaya ba. Tsoron tara kaɗan ne abin da yake tsarewa. Abin da ke riƙe da tsarin shi ne halin mutum a inda ba mai ganinsa.

Ɗauki maganar bayan gida, wadda ba a son faɗa amma ita ta fi komai ɓata wuri. Ƙa'ida ita ce a yi nisa da rafi da hanya, a tona rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20, a gama a binne. Mu masu tsarki da ruwa mun huta da matsalar takarda da kan yi fari-fari a bayan duwatsu, domin buta ba ta barin shaida. Amma ita ma butar can nesa za ka kai ta, haka ruwan wanke-wanke da sabulu. Ruwan rafin garau yake, har kana ganin kifi a ƙasa, duk da haka ba a sha sai an tafasa ko an tace, saboda ƙwayoyin cutar gudawa da ido ba ya gani. Na alwala dai da asuba, sanyinsa kaɗai ya ishe ka farkawa.

Wuta ita ce babbar amana. Hukumomin ƙasar sun ƙiyasta kusan kashi 85 cikin 100 na gobarar daji mutane ne sanadinta. Kafin ka kwanta ko ka tashi, sai ka kwarara wa garwashi ruwa, ka motsa da sanda, ka ƙara ruwa, ka kai bayan hannu kusa ka ji ya huce. In fari ya yi tsanani akan hana hura wuta gaba ɗaya, kowa ya koma kan ɗan rishon gas. Ko itacen ma da dokarsa: ba a son ka ɗauko shi daga garinku. A 2002 aka gano wani ɗan ƙwaro kore mai sheƙi kusa da Detroit, wanda asalinsa daga Asiya ne, tsutsarsa na cin ƙarƙashin ɓawon itacen da suke kira ash. Ya kashe miliyoyin itatuwa, kuma a cikin itacen girki ya fi saurin tsallaka jihohi. Don haka ko dai ka saya a ƙauyen da ke kusa, ko ka tsinci busasshe wanda ya faɗi da kansa. Ɗanye ba a taɓa shi.

Dabbar da kowa ke tambayata a kanta ita ce baƙar beyar, wadda jihar West Virginia ta ɗauka tambarinta. Ba farautar mutum take yi ba, hancinta ne ke kawo ta. Kilishin da aka aiko mini daga gida, da man goge baki, da turare, duk a but ɗin mota suke kwana, ko a rataye su a reshe sama da mita uku da rabi, nesa da tanti. Ma'aikatan daji kan ce beyar da ta saba da abincin mutane ƙarshenta harbi ne, wato sakacinka ita yake kashewa. Ni na fi shakkar kaska, 'yar mitsitsiya da ke maƙalewa a ƙafa ta sa cutar Lyme mai zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi. Shi ya sa nake cusa ƙafar wando cikin safa, in kuma duba jikina kowace yamma. A Nuwamba, lokacin farautar barewa, riga mai ruwan lemo ce kariyarka daga harsashin maharba.

Waya kuwa kusan ado ce a can. Babban sashen dajin Monongahela yana cikin wani yanki mai murabba'in mil 13,000 da aka taƙaita saƙonnin rediyo a cikinsa tun 1958, saboda manyan faya-fayan sauraron sararin samaniya da ke garin Green Bank. Sabis sai a ɗai-ɗaikun wurare. Taswirar takarda nake riƙewa, da kamfas wanda ke nuna mini hanya ya kuma nuna mini alƙibla, sannan in bar wa iyali sunan rafin da ranar dawowa. Taswirar tana da wani amfanin: akwai gonaki da filayen mutane a tsakiyar gandun, an yi musu alama da alluna ko fenti shunayya a jikin itatuwa, kuma mutanen karkarar nan ba sa wasa da iyakarsu.

Duk ɗan uwanmu da ya nemi shawarata, musamman mai ƙananan yara, shiryayyen zango nake tura shi tukuna. Can zai koyi kafa tanti cikin ruwan sama, ga famfo kusa, ga maƙwabta. In hannunsa ya faɗa, sai ya shiga burji.

Lokacin annobar korona a 2020, da aka rufe wuraren shaƙatawa na gari, jama'a sun kwarara cikin dazuzzuka, da yawansu ba su taɓa tona rami ko kashe garwashi ba. Aka bar shara, aka sare ɗanyun itatuwa, aka buɗe sababbin hanyoyi da taya. A kewayen Crested Butte a Colorado da Sedona a Arizona, hukuma ta soke sauka a ko'ina, ta ware wurare ƙidayayyu, wanda bai samu ba ya yi gaba. Abin kamar rijiyar unguwa ne: kowa na ɗiba ba mai tambaya, ran da aka fara jefa ƙazanta sai mai unguwa ya sa murfi da kwaɗo. Maganin da Meinecke ya rubuta a 1932 shi ake sake ɗaukowa, a jera duwatsu, a kafa turke, a rubuta lamba. Shi ya sa nake tafiya da leda biyu, ɗaya ta sharata, ɗaya ta wanda ya riga ni sauka, domin in wuri ya lalace hukuma ba za ta tsaya binciken na waye gwangwanin ba.