Ina Jiniya Mai Murya Biyu Ta Shiga?



Duk wanda ya taɓa kallon fim ɗin Yaƙin Duniya na Biyu ya san wani kuka mai tayar da tsigar jiki da ake ji kafin jiragen yaƙi su iso, mutane su yi ta gudu suna neman mafaka. Wannan ita ce jiniyar gargaɗi. Ta fi ta motar asibiti girma nesa ba kusa ba, kuma a kan dogon turke ko rufin bene ake kafa ta don duk gari ya ji. Idan ka kasa kunne, za ka ji muryoyi biyu ne ke fita tare. Yanzu irinta ta yi ƙaranci a kasuwa. Me ya jawo haka?

Bari mu fara da yadda take kuka. Ka tuna yadda muke maƙala kwali a jikin tayar keke? Da ka ƙara gudu sai ƙarar ta ƙara siririntaka. Jiniya ma kusan haka take. A cikinta akwai wata ganga mai ƙofofi da inji ke juyawa a cikin wani murfi, shi ma mai ƙofofi. Idan ƙofa ta dace da ƙofa sai iska ta fita, idan suka saɓa sai ta tsaya. Wannan datse iska da sauri shi ne kukan da muke ji.

Ga lissafin. A ce gangar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa ɗaya. Mai ƙofa 10 za ta datse iska sau 500, mai ƙofa 12 kuma sau 600. Idan aka haɗa su a inji ɗaya, an sami murya biyu ke nan. Haka jiniyoyin Ingila na lokacin yaƙi suke: ƙofa 10 a gefe ɗaya, 12 a ɗaya gefen.

A Amurka, kamfanin da yanzu ake kira Federal Signal ya fara ƙera jiniya mai suna Thunderbolt a 1952, lokacin Yaƙin Cacar Baka, sa'ad da ake tsoron harin nukiliya daga Tarayyar Sobiyat. Samfurinta 1000T murya biyu gare shi. Amfanin hakan shi ne, a ƙananan garuruwa da jiniya ake kiran 'yan kwana-kwana, don haka ana son ta hari ta bambanta da ta gobara.

To me ya rage mata kasuwa?

Na farko, aikinta ya canza. Da cacar baka ta lafa, tsoron hari ya ragu. Birtaniya ta cire yawancin jiniyoyinta a farkon shekarun 1990. A Amurka kuwa, babban aikinsu ya koma gargaɗin mahaukaciyar guguwa.

Na biyu, wutar lantarki. Tsofaffin jiniyoyin da wutar gari suka dogara, alhali guguwa takan tsinka wayoyi, sai jiniya ta yi shiru a daidai lokacin da aka fi bukatarta. Shi ya sa a 1988 kamfanin ya fito da samfurin 2001 mai iya aiki da batir, sannan ya daina ƙera Thunderbolt a 1990.

Na uku, ƙarfin ƙara. Idan aka raba ƙarfin inji gida biyu, kowace murya wani kaso take samu. Mai aiki da batir ba shi da ƙarfin zubarwa, gara ya tara shi a murya ɗaya ta yi nisa.

Na huɗu, an sami jiniyar lasifika. Ba ta da ganga, tana iya fitar da sauti iri-iri, wata har magana take yi ta faɗa wa mutane abin da za su yi.

Duk da haka, mai murya biyu ba ta mutu gaba ɗaya ba. Wasu ƙananan kamfanoni suna ƙera ta har yanzu, kuma tsofaffi da dama suna nan suna aiki.

Ga abin da ya sa na zaɓi wannan batu. A makarantarmu, ƙararrawa ɗaya ce ta shiga aji, ta tara, da ta tashi. Allah ya kiyaye, idan gobara ta tashi aka buga ta, wa zai gane ba tara ba ce? Ina roƙon shugaban makaranta da malamanmu su ware mana bugu na musamman na haɗari, a koya mana shi a wurin taron safe, a kuma nuna mana inda kowane aji zai taru. Rigakafi ya fi magani.

Daga wakilin Ƙungiyar 'Yan Jarida, aji biyu na ƙaramar sakandare.